Akrotiri, garin da toka ta binne a Santorini: ya cancanci a je?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da taro a Atens, babban birnin Girka, ƙarshen watan gobe in Allah ya kai mu, kuma zan samu ɗan sarari kafin jirgin dawowa. Abokin tafiyata ya dage sai mun tsallaka tsibirin Santorini, wai akwai wani tsohon gari, Akrotiri, da tokar dutse mai aman wuta ta binne tun kafin zamanin Annabi Isa (AS). Ni iyakar sanina da Santorini fararen gidajen nan ne masu shuɗiyar ƙubba da amare ke ɗaukar hoto a gabansu. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini tsakani da Allah: kuɗin jirgi da na masauki za su fanshe, ko tarin duwatsu zan je in tsaya a kai?

Maman Ilham:
Wa'alaikumussalam. Abban Sadiq, tarin duwatsu za ka gani. Mun je da yara daga nan Jamus lokacin hutun bazara. A intanet an cika mu da hotunan zane-zanen bango masu kyau, birai shuɗaye, tsuntsaye, furanni. Muka shiga, sai ga wata ƙatuwar rumfa kamar ta masana'anta, ƙarƙashinta bangwaye masu launin toka da randuna. Ko zane ɗaya ban gani a bango ba. Autana tun ba mu yi nisa ba ya fara tambayar yaushe za a fita. In kuɗinka na neman mafita, ka je ka kalli faɗuwar rana a ƙauyen Oia, ita kam ba ta yaudara.

Injiniya na Zariya:
Haba Hajiya, kin yi wa wurin nan rashin adalci. Gaskiya kika faɗa cewa zanen ba ya nan, an ciccire su an kai gidajen tarihi, don in an bar su a wurin za su lalace. Amma shi garin fa? Kin taka titinsa da ƙafarki. Kin ga gidajen bene hawa biyu da hawa uku, da ƙofofinsu da tagoginsu a tsaye, alhali sun haura shekara 3,500.

Ni abin da ya tsayar da ni, kuma ku yi mini uzuri don sana'ata ce, shi ne magudanan ruwa. A ƙarƙashin titunan akwai kwata da aka rufe da faffaɗan duwatsu. Akwai gidan da masu haƙar suka sa wa suna Gidan Yamma, a gaban wani ɗan dandali mai kusurwa uku. A saman benen gidan nan akwai makewayi, ga bututun laka da aka bi da shi ta cikin bango har ƙasa, ya haɗe da magudanar titi. A saman bene fa! Wanda ya tsara wannan ya san gangara, ya san inda wari zai bi. Sannan bangwayen, in ka lura, akwai guraben da aka sa katako a tsaye da a kwance a cikin ginin dutse, don bango ya ɗan lanƙwasa ba tare da ya tsage ba idan ƙasa ta motsa. Mutanen nan sun san a kan me suke zaune.

Abban Sadiq, ka je. Amma kada ka shiga kai kaɗai kana zare ido. Ka nemi ɗan jagora a bakin ƙofa, ko ka karanta kafin ka tafi, in ba haka ba za ka fito da irin labarin Hajiya.

Maman Ilham:
Injiniya, wato in biya kuɗin jirgi in je kallon masai. To madalla.

Ɗan Kumasi:
Hahaha Hajiya kin gama da shi. Amma jama'a ba wannan ne Atlantis ba? Na ga wani bidiyo a YouTube, an ce nan ne garin da ya nutse a teku a dare ɗaya, kuma wai aman wutar dutsen ne ya jawo annobar da ta auka wa Fir'auna, har da tsagewar teku.

Hauwa 'Yar Tarihi:
Yaya Ɗan Kumasi, don Allah a rage kallon bidiyon dare. Zan dawo kan Atlantis, amma bari in fara da tambayar Abban Sadiq, tunda wannan fannin nake karanta a nan Izmir ta Turkiyya, kuma malamanmu ba sa gajiya da zancen dutsen nan.

Anti Maman Ilham ba ta yi ƙarya ba, matsalar ita ce rabin ziyarar ta yi. Akrotiri wuri uku aka raba shi. Gangar garin tana kudancin tsibirin, kusa da ƙauyen Akrotiri na yanzu, wanda daga gare shi aka aro sunan, don ba wanda ya san yadda mazauna garin ke kiran garinsu. Kayan cikinsa da wasu zane-zanen suna gidan tarihin da ke Fira, babban garin tsibirin. Wasu shahararrun zanen kuma suna babban gidan tarihin ƙasa da ke Atens: na yara biyu masu dambe, na barewa, da wanda ake kira zanen bazara, mai tsattsewa suna shawagi a kan jajayen furanni, wanda ya zagaye bango uku na ɗaki guda. Tunda Atens za ka fara sauka, Abban Sadiq, ka soma da can. Sai ka zo Fira ka ga shuɗayen biran da sauran kaya. Sai a ƙarshe ka je garin. In ka bi haka, duk bangon da ka kalla ka san abin da ke jikinsa a da.

Kuma a Fira kada ka wuce teburin nan. Ba katako ba ne. Katakon ya ruɓe tun tuni ya bar gurbinsa a cikin tokar da ta daskare, sai masu haƙa suka ɗura farar ƙasa a ramin, da ta bushe suka kankare tokar, sai ga tebur mai ƙafa uku da sassaƙarsa. Haka aka fitar da gado ma.

Abban Sadiq:
Allah ya saka, ƙanwata. To su mutanen fa? Na ɗauka irin na Pompei ne, garin nan na Italiya da toka ta binne, inda ake ganin gawarwaki a kwance.

Hauwa 'Yar Tarihi:
A nan suka bambanta. A duk abin da aka haƙa a Akrotiri ba a samu gawar wanda aman wutar ya kashe ba. Kayan ƙawa masu tsada ma kusan babu. Zinariyar da ake nunawa wata 'yar akuyar dutse ce ƙarama, da aka samu a 1999 a cikin akwati. Amma zanen bangon yana nuna mata da 'yan kunne da sarƙoƙi da awarwaro, wato suna da su, sun tafi da abinsu ne.

Abin da ƙasa ta nuna shi ne: girgizar ƙasa ta fara zuwa ta farfasa gidaje. Za ka ga wata matattakalar dutse da ta karye gida biyu, har yau tana nan yadda ta karye. Daga baya wasu sun dawo suna gyara. An tara ɓaraguzai gefe guda don a buɗe hanya, an fito da gadaje waje an ɗora su kan juna, an jera randuna a inda ba abin da zai faɗo musu. Sai toka ta fara sauka kaɗan, sai suka bar aikin suka tafi. Bayan nan babban aman ya zo, wanda a wasu sassan tsibirin tokarsa da dutsensa mai kumfa suka kai kaurin mita 60. Tsakiyar tsibirin ta rufta, teku ya shiga. Wannan tafkeken ruwan da ake kallo daga Fira da Oia, bakin dutsen ne.

Baba Tanko Jos:
In kunne ya ji, jiki ya tsira. Mutanen kirki, sun ga alama sun kama gabansu.

'Yata Hauwa, wa ya fara gano wurin? Ina tambaya ne don a nan wajenmu kawunan Nok ba masana ne suka fara tono su ba, leburorin haƙar kuza ne. Sai a shekarun 1940 Bernard Fagg ya gane darajarsu, har aka zo aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952.

Hauwa 'Yar Tarihi:
Baba, kusan labarin ɗaya ne. Lokacin da ake haƙa mashigin ruwan Suwez, wanda aka buɗe a 1869, daga Santorini da ɗan tsibirin Tirasiya da ke kusa ake ɗibar tokar dutsen ana kaiwa Masar, don tana yin siminti mai jure ruwan teku. Masu ɗibar ne suka ci karo da bangwaye a ƙarƙashin tokar. Wani Bafaranshe masanin duwatsu, Fouqué, ya yi ɗan tono a lokacin. Amma babban aikin sai a 1967, da Bagirke Spyridon Marinatos ya fara. Shi kuma ba garin yake nema don kansa ba, hujja yake nema. Tun 1939 ya rubuta cewa aman wutar nan ne ya rusa daular mutanen tsibirin Kirit, waɗanda ake kira Minowa, masu fadar Knossos. A wurin haƙar ya mutu a 1974, Christos Doumas ya ci gaba da aikin shekaru masu yawa.

Abu Hafsa:
Ni duk wannan bayanin bai dame ni ba. Tambayata ɗaya: ya halatta Musulmi ya ɗauki ƙafa ya je yawon buɗe ido a kufan mutanen da Allah ya halaka? Kowa ya san abin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa sahabbai da suka biyo ta Hijr a hanyar Tabuka. Ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai mutum yana kuka. Ku kuma kuna ta yabon masai da tebur. Mutanen da ke zana mata ƙirji a buɗe a bangon ɗakunansu, me kuke zato ya same su? Abban Sadiq, ka ji tsoron Allah, ka yi sadaka da kuɗin.

Ɗan Kumasi:
To fa. An zo wurin.

Ustaz na Damagaram:
Malam Abu Hafsa, Allah ya saka da kishin addini. Hadisin da ka kawo ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Sai dai a duba a kan wa ya zo. Hijr garin Samudawa ne, mutanen Annabi Salihu (AS). Alƙur'ani ne ya gaya mana an aiko musu Manzo, sun ƙaryata, sun soke taguwa, aka halaka su. Da nassi muka san azaba ce.

Su waɗannan na tsibirin Girka wane nassi ne ya zo a kansu? Wa ya gaya mana an aiko musu da wane, sun ce masa kaza? Ba kowace girgizar ƙasa ce ake yanke wa hukuncin azaba ba, in ba haka ba me za mu ce da 'yan'uwanmu Musulmi da girgiza ta kashe a Turkiyya da Siriya da Maroko a 2023? Faɗin cewa Allah ya yi fushi da wasu mutane takamaimai magana ce a kan Allah, tana bukatar dalili. A ɗaya ɓangaren kuma ayoyi da yawa sun yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Wanda ya je da niyyar lura, ya tsare sallarsa da idonsa, ban ga abin da zai hana shi ba. Wanda ya je sheƙe aya, ko Makka ya je da halinsa zai dawo. Allah ne mafi sani.

Abu Hafsa:
Allah ya gafarta Malam, ba na jayayya da kai. Amma barin abin da ke da shubuha ya fi. Kuma tsibirin gaba ɗaya ai wurin tsiraici ne.

Maman Ilham:
A nan kam Abu Hafsa yana da gaskiya ta wani gefen. Kusa da kufan akwai bakin teku mai jan yashi, 'yar tafiyar ƙafa ce, kowa daga kufai can yake zarcewa. Mu da muka leƙa da yara da sauri muka juyo. Amma cikin rumfar kanta lafiya lau, tsofaffin Turawa ne da hulunansu suna bin ɗan jagora.

Hauwa 'Yar Tarihi:
Ina so in ƙara a kan maganar Ustaz, ta fuskar karatunmu. Mutanen nan suna da rubutu. An samu alamominsa a jikin tukwane da 'yan allunan laka, irin rubutun Kirit da masana ke kira Linear A. Har yau ba wanda ya iya karanta shi. Ɗan'uwansa na baya, Linear B, Michael Ventris ya warware shi a 1952 aka ga tsohon Girkanci ne, amma na farkon ya gagara. Saboda haka ba mu san sunan mutum ɗaya a garin ba, ba mu san sunan sarkinsu ba in ma suna da shi, ba mu san me suke faɗa in suna addu'a ba. Mun san abin da suke ci: sha'ir, adas, wani irin wake da har yau ake nomawa a tsibirin, kifi, zaitun. Mun san suna saƙa, don duwatsun masaƙa sun fito da yawa. Mun san 'yan kasuwa ne, ga ma'aunan dalma manya da ƙanana. Mun san hannunsu ya kai nesa, don an samu ƙwan jimina da aka mayar abin zuba ruwa, kuma biri ba dabbar tsibirin ba ce, amma mai zanen ya san yadda biri ke kama dutse yana waiwaye. A Gidan Yamma da Injiniya ke yabo akwai zanen kogi da itatuwan dabino da wata dabba mai kama da kyanwar daji tana farautar agwagi, abin da ya fi kama da bakin Nilu. Akwai kuma dogon zanen jerin jiragen ruwa da matuƙansu, suna tafiya daga wani gari zuwa wani.

Zancen mata kuma, zanen da ya fi shahara 'yan mata ne suna tsinkar furen za'afaran a kan duwatsu suna zubawa a kwando, suna kai wa wata mace da ke zaune a kan karaga. Masana da yawa na ganin abin bautarsu ce. Amma fassara ce daga hoto, ba wanda ya bar mana bayani.

Injiniya na Zariya:
Kin manta abu ɗaya, Malama Hauwa. Murhun tsire! A gidan tarihin Fira akwai wasu dogayen tubalan laka guda biyu masu kan sa a gaba, an yi musu tsaga-tsaga a sama inda ake jera tsinke, da 'yan huji a ƙasa don iska ta riƙa shiga garwashi. Duk mai tsiren da ka nuna wa zai gane kayan aikinsa ba sai an yi masa bayani ba.

Ɗan Kumasi:
Shi ke nan, 'yan'uwanmu ne. Amma Hauwa kin yi alkawarin Atlantis.

Hauwa 'Yar Tarihi:
Yaya, a taƙaice: labarin Atlantis daga Aflatun, masanin falsafar Girka, ya fito, wanda ya rayu fiye da shekara dubu bayan aman wutar. Shi da kansa ya ce tsibirin nasa yana can bayan mashigin da muke kira Jibraltar yau, kuma abin ya faru shekara 9,000 kafin zamanin Solon, wani tsohon shugaban Atens. Wuri bai dace ba, lokaci bai dace ba. Mai yiwuwa wani tsohon labarin bala'in teku ya rage a bakin mutane, amma ba hujja. Masu otal da masu sayar da tsaraba ne suka fi kowa son zancen.

Na Fir'auna kuma na bar wa Ustaz.

Ustaz na Damagaram:
Mu'ujiza ba ta bukatar dutse ya tayar mata. Allah ya ce wa Annabi Musa (AS) ya bugi teku da sandarsa, ya buga, ya tsage. Masu neman su bayyana ta da aman wuta suna zaton taimakon addini suke, alhali rage shi suke. A bar kowane a wurinsa.

Baba Tanko Jos:
To shi Marinatos ɗin, ya samu hujjar tasa? Dutsen ne ya ci daular Kirit?

Hauwa 'Yar Tarihi:
Baba, abin da ya tono ne ma ya ba maganarsa matsala. Tukwanen da aka samu a Akrotiri na wani zamani ne da ya riga rushewar fadojin Kirit. Wato bayan aman wutar mutanen Kirit sun ci gaba da gini da kasuwanci, sai wajen 1450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka ƙone yawancin wuraren, daga baya kuma masu jin Girkanci daga babban yankin Girka suka riƙe Knossos. Kirit tana kudu da Santorini da 'yan kilomita ɗari da wani abu, toka ta sauka a gabashinta, igiyar teku ma ta bugi gaɓarta ta arewa. Wasu na cewa wannan ya raunana su a hankali. Amma a ce dare ɗaya aka share su, yanzu ba mai faɗin haka.

Shekarar aman kanta rigima ce da ba ta ƙare ba. Masu kwatanta tukwane da jerin sarakunan Masar sun daɗe suna cewa wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu gwajin kabon, wanda ake auna shekarun itace ko ƙashi da shi, suna cewa a'a, ya girmi haka. A 2006 aka fitar da sakamakon wani reshen zaitun da toka ta binne shi da ransa a tsibirin, ya nuna tsakanin 1627 da 1600. Gyare-gyaren ma'aunin da aka yi daga baya sun ɗan jawo lissafin zuwa ƙarni na 16. Za ku ce shekara ɗari a cikin dubu uku da rabi mene ne? Amma tokar nan ta bazu har Turkiyya, duk inda aka same ta a cikin ƙasa ta zama layin da ake auna na sama da na ƙasa da shi. In ka matsar da ita, ka matsar da tarihin Masar da Kirit da Kubrus gaba ɗaya. Na ga manyan farfesoshi biyu sun daina gaisawa a wurin shan shayi a kan wannan.

Abban Sadiq:
Kai, na ƙaru. Yanzu saura tsoro. Ba a Santorini ba ne aka yi ta girgizar ƙasa kwanakin baya har mutane suka gudu?

Injiniya na Zariya:
Nan ne. Farkon 2025, daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, an yi ta ƙananan girgiza ba adadi a tekun da ke tsakanin Santorini da tsibirin Amorgos. An rufe makarantu, an kafa dokar ta-ɓaci, dubban mutane suka cika jiragen ruwa da na sama suka nufi Atens. Daga baya abin ya lafa suka koma. Dutsen bai mutu ba, barci yake. Baƙin tsibirin nan da ke tsakiyar ruwa, Nea Kameni, ya yi amansa na ƙarshe a 1950, kuma har yau ana kai mutane da kwale-kwale su hau su ji warin ƙibiritu. A 1956 ma girgiza ta rushe gidaje da yawa a tsibirin. Ka dai duba labarai kafin ka yanki tikiti.

Ita rumfar da Hajiya ta raina ma tana da tarihinta. A 2005 wani sashe na rufin ya rufto ya kashe baƙo ɗaya, aka rufe wurin sai 2012 aka sake buɗewa. Ta yanzu an yi ta ne yadda haske da iska za su shiga ba tare da rana ta gasa mutum ba, don haka ko da tsakar rana za ka iya yawo a ciki.

Hanya kuma: daga Atens jirgin sama bai cika awa ɗaya ba. Jirgin ruwa daga tashar Piraeus yakan ci awa biyar zuwa takwas, ya danganta da irinsa, kuma mai saurin ya fi jijjiga ciki. Daga Fira akwai bas zuwa Akrotiri. Ka tambayi ranar hutun gidan tarihin tun kafin ka tsara kwanakinka.

Baba Tanko Jos:
Kun gani ko? Jikokin ma da suka ji ƙasa na motsi jirgi suka nema, kamar na farko. Shi ya sa ba a samu gawa ko ɗaya ba. Ni wannan ne ya fi burge ni a duk labarin.

Hauwa 'Yar Tarihi:
Baba, ka gafarce ni, a nan zan ɗan ja da kai. 'Yan jagora suna son faɗin haka don baƙi su fita da farin ciki. Amma rashin gawa a cikin gari bai nuna sun tsira ba, ya nuna sun fita daga gidajensu ne kawai.

Ga misali daga Italiya. Herkulaniyum, maƙwabcin Pompei, wanda dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). An daɗe ana cewa mutanensa sun tsere, don ba a ga gawarwaki sosai a cikin gari ba. Sai daga 1980 aka fara tono tsohon bakin tekun garin, aka tarar da ƙwarangwal wajen 300 cunkushe a rumfunan ajiye jiragen ruwa. Jiran jirgi suke.

A Akrotiri ɗan yanki kaɗan aka haƙa. Ana ƙiyasta garin ya kai hekta 20, mafi yawansa yana ƙarƙashin toka. In mutanen sun taru a wani fili a bayan gari, ko a bakin ruwa suna jiran jirgi, ba a kai can ba tukuna. In ma sun shiga jiragen, irin jiragen da ke cikin zanen nan ne, na filafili, a tekun da dutse mai kumfa ya rufe, ga igiyar ruwa. Kuma ba a samu wani wuri a Kirit ko wani tsibiri da za a nuna a ce ga inda mutanen Akrotiri suka sauka suka sake gari ba.

A nan kusa da mu, a Çeşme, fiye da kilomita 200 daga Santorini, masu haƙa sun samu ƙwarangwal ɗin wani saurayi da na kare a cikin tarkacen da igiyar tekun wannan aman ta tara. An fitar da rahoton a ƙarshen 2021. Wanda ke nesa haka bai tsira ba.

Abu Hafsa:
Kin ga kin dawo kan maganata. An halaka su.

Hauwa 'Yar Tarihi:
A'a Malam. Baba ya ce sun tsira, kai ka ce an yi musu azaba, ni cewa na yi ba a tono wurin da zai nuna sun mutu ko sun rayu ba. Ko an tono an same su a bakin ruwa, mutuwarsu za a gani, ba dalilinta ba.

Baba Tanko Jos:
To me ya hana su tono sauran, 'yata? Shekara sama da hamsin ana abu ɗaya.

Hauwa 'Yar Tarihi:
Kuɗi, Baba, da kuma cewa tono ɓarna ce. Duk abin da aka fitar daga toka ya fara lalacewa daga ranar, sai an yi masa rufi, an sa masu kula. Zanen bangon ma ba a tsaye ake samun yawancinsu ba, a farfashe suke, gutsattsari dubbai a cikin ƙasa, sai a kwashe a kai ɗakin gyara a yi ta haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Bango guda yakan ci shekaru. Abin da aka riga aka kwaso ma ba a gama haɗa shi ba, balle a buɗe sabon rami.

Maman Ilham:
Da na san da murhun tsiren nan da na kai yaran Fira. Abban Sadiq, in ka je ka ɗauko mana hotonsa, in nuna wa maigidan, shi da ke cewa mutanen garinsu ne suka ƙirƙiro tsire.

Injiniya na Zariya:
Da bututun, Alhaji. Ka tambayi ɗan jagora ya nuna maka ta inda ya sauko a bangon Gidan Yamma, don in ba a nuna maka ba wucewa za ka yi.